Riɗinmu na tafiya Japan, mu me muke samu?

Ɗan Gumel ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambaya gare ni, kuma ina roƙon waɗanda hannunsu ke cikin harkar su amsa mini, don na gaji da bayanin teburin mai shayi.

Ni ƙaramin mai sayen riɗi ne. Da kaka ina bin kasuwanni, Maigatari ranar Alhamis, sai Gagarawa da wajajen Malam Madori, ina auna kwano-kwano a hannun manoma. In na tara abin da ya samu sai in sayar wa wani Alhaji da ke kaiwa Dawanau. Daga can inji ke tace shi, a zuba a sabon buhu mai kilo 50, a loda zuwa Legas, sai kuma Japan ko Turkiyya ko Sin. Ban taɓa ganin teku ba, amma abin da ke faruwa a bayan tekun shi ke yanka mini farashi. In aka ce dala ta motsa, kafin azahar kwano ya ƙara kuɗi. In aka ce manyan masu saye ba su fito ba, sai ka ga manomi ya ɗaure bakin buhunsa ya mai da shi kan amalanke.

Abin da ya kawo tambayar shi ne kawuna. Tsohon malamin firamare ne, kuma in ya kama magana ba ya saki. A cewarsa wannan fitar da kaya waje shi ya jefa talaka cikin tsadar abinci. Gonakin da a da ake shuka gero da dawa yanzu riɗi ne da zoɓo, abin da ba ya tuwo. Ya ce ko kantu da yara ke talla ya ƙanƙance, ya koma ba ya cika baki, saboda Bajafane ya fi matar da ke yin kantun kuɗi. Ya ƙara da cewa mu muke noman, mu muke shan rana, amma ribar tana Legas da hannun baƙi, mu sai ɗan abin da ya zubo. Kuma wai muna sayar da ɗanyen kaya da araha, su sarrafa, su dawo mana da shi da tsada.

Ni kuma idona ya ga wani abu daban. Na san gidajen da kuɗin riɗi ya yi wa rufin kwano. Na san wanda ya sayi babur da injin ban-ruwa daga kaka ɗaya. Amma in kawu ya ce, to ita mai kantun fa, da wanda ba shi da gona sai albashi, sai in rasa ta cewa, don gaskiya ce ya faɗa.

To ina son in ji daga gare ku. Wannan ciniki da ƙasashen waje, wa yake amfana da gaske? Mai saye ya ci, wanda ba ya noma ba ya fatauci, yana da wani rabo a ciki ko shi ne mai biyan kuɗin? Sannan irina mai ƙaramin jari, akwai hanyar da zan bi in fitar da kaya da kaina, ko wannan sai 'ya'yan manya?

Tsohon Dillali ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka gaida mini kawun naka, ka ce masa wani tsoho a Dawanau ya ce rabin maganarsa gaskiya ce, sauran rabin kuma sai mun zauna.

Fatauci da nesa ba yau muka fara ba. Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kasuwar Kurmi ke karɓar ayari, jar fatar da ake jema a ƙasar nan ta ratsa Sahara har ta kai Turai. Alhassan Ɗantata da goro ya fara, tsakanin Kano da ƙasar Gwanja, kafin jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912 gyaɗa ta zama ita ce kasuwa. Kawunka ya san dalar gyaɗa, ƙila ma ya gan ta. Abin da mutane ke mantawa shi ne, daga baya hukumar gwamnati ce kaɗai ke da ikon sayen gyaɗar ta fitar, ita ke yanka farashi, manomi ba shi da wurin zuwa. Sai a 1986 aka rushe waɗannan hukumomi. Yau in ka kawo riɗi mai kyau, Ba'indiye na so, Bakwara ɗan Lebanon na so, ɗan Sin na so, ga 'yan ƙasa da suka buɗe nasu kamfanonin. In wannan ya taya bai yi maka ba, ka matsa gaba. Wannan rububin shi ne rabon manomi, kuma shi ya yi rufin kwanon da ka gani. Da a ce masu kantu da masu miyar taushe ne kaɗai ke sayen riɗi, wallahi abin da Jigawa ita kaɗai ke nomawa sai ya yi kwantai, balle a haɗa da na Doma da Lafiya da Binuwai.

Su kuma can ba don Allah suke saye ba. Japan kusan duk riɗin da take ci daga waje take sayowa, namu kuma suna matsar mai da shi. Turkiyya suna niƙa shi su yi wani abu mai kauri kamar tunkuza kafin a matse ta, suna alewa da shi, suna barbaɗa shi a kan burodi. Tunda yaƙi ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023, ga shi kuwa Sudan na cikin manyan masu fitar da riɗi da ƙaro a duniya, masu saye suka ƙara waiwayo mu. Kai kana Gagarawa, rikicin Sudan na taɓa kwanonka.

Zo ka tsaya a bakin sito ɗaya da safe ka ƙirga bakin da ke ci daga tirela guda. Direba da yaronsa. 'Yan dako masu saukewa. Mai sikeli. Yaron da ke soka ƙarfen nan mai rami a cikin buhu, sama da tsakiya da ƙasa, ya zazzage a tafin hannu a duba. Masu aikin inji. Masu ɗinkin buhu. In zoɓo ne, mata ne zaune layi-layi suna tsince kara da ƙwallo da hannu, ana biyansu a kan abin da suka tsince, kuma da yawansu da wannan suke riƙe gida. Ga mai abinci, ga mai ruwa. Kasuwar nan da aka kafa a 1985 gari guda ce yanzu. Ban ce kowa na samun abin da ya kamata ba, ladan ɗan dako ba ya tashi yadda dala ke tashi, wannan na yarda. Amma a rufe hanyar waje a ga abin da zai faru da su.

Ba ma sai an yi hasashe ba, an taɓa rufewa. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu, saboda an sami maganin ƙwari irin fiya-fiya a jikinsa fiye da kima. Su abin da suka yarda da shi miligiram 0.01 ne a kowane kilo, namu kuwa ya ninninka haka. Aka ce na shekara ɗaya ne, sai aka yi ta ƙarawa. Yanzu ka tambayi kawu: waken da Bature ya ce ba zai ci ba, wa ya ci? Mu muka ci, da 'ya'yanmu. Ka ga ke nan tsananin da mai sayen waje ke yi, in aka bi shi, mai cin alale a Gumel ma ya amfana, don mai sito ba zai ware wa Turai wake mai tsabta ya ajiye maganin a gefe don namu kaɗai ba, in ya koyi adanawa a buhun nan mai leda biyu a ciki ya koya ke nan.

Inda nake jin haushinmu kuwa shi ne algus. Kai da ke auna kwano ka san abin da nake nufi. A zuba yashi mai laushi, a yayyafa ruwa don nauyi, a sa mai kyau a bakin buhu a ɓoye na bara a ƙasa. Mai sayen waje yana neman tsabta kashi 99 cikin 100, danshi kada ya wuce kashi shida ko bakwai. Duk abin da inji ya fitar na tsakuwa da ƙaiƙayi an riga an cire shi daga farashin da aka ba Alhajinka, shi ya cire daga naka, kai ka cire daga na manomi. Mai gaskiya da mai ha'inci duk aka yi musu kuɗin goro. Sannan shanya. Ana yanke riɗi a ɗaure dami-dami a jingine shi tsaye ya bushe, sai a kifa a kakkaɓe. In a kan tamfol aka kakkaɓe, lafiya. In a ƙasa ne, inda kaji da awaki ke bi, to ga inda ƙwayar cutar salmonela ke shiga, kuma saboda ita Turai ke tsaurara binciken riɗin Najeriya a bakin tasharsu. Kwantena guda in aka dawo da ita, mai ita ya shiga uku, shekara mai zuwa kuma ba zai saya da daraja ba.

Maganar gero da dawa: riɗi wata uku ne, yana yi a jigawa inda masara ba ta so, ba ya cin taki da yawa. Manomin da na sani ba ya barin geronsa, raba gonar yake yi. Riɗin ne ma ke hana shi sayar da geron da kaka lokacin da ya fi arha, don ya sami kuɗin biki da na makaranta daga wani wuri. Akwai masu kwaɗayin da suka zuba duka a riɗi, shekarar da farashi ya faɗi suka sayi hatsi da tsada, amma wannan lissafinsu ne.

Batun ka fitar da kanka, bari masu biro su yi maka bayani. Ni dai shawarata kada ka yi gaggawa.

Maman 'Yan Biyu ta amsa:

Baba Dillali, Allah ya ƙara girma, amma ku bar ni in yi magana a madadin mai kantun nan, don ni ce ita. Zoɓo nake haɗawa ina sawa a robobi, yara na kai mini makarantu da gareji a nan Kaduna.

Ku da ke Dawanau in farashi ya tashi murna kuke. Ni in ya tashi, ba ni da wanda zan ɗora wa. Ɗan makaranta abin da ke aljihunsa bai ƙaru ba don wani a Meziko yana son zoɓo. Ko in rage roba, ko in ƙara ruwa, in na ƙara ruwa kuma gobe ba za su saya ba. Kuma ba tsadar kaɗai ba. Mai kyan, manyan nan masu duhun ja da in ka jiƙa kaɗan ya ba ka tukunya, shi ake tsincewa a tura waje. Abin da ke iso mana kasuwa sau da yawa ragowa ne, gutsattsari da ƙura. A ƙasarmu aka noma, mu ke shan na baya. Lokacin da Meziko ta dakatar da sayen zoɓonmu, ni ban yi kuka ba, gaskiya. Arha na saya, mai kyau kuma.

Sai dai ba zan yi rashin adalci ba. Ranar nan ina haɗi na tsaya ina duba abin da ke gabana. Zoɓon na Jigawa ne. Cittar ta Kachiya ce. Kanumfarin ba a noma shi a nan, daga wajajen Zanzibar da Madagaska yake zuwa. Sukarin a Legas aka tace shi, amma ɗanyensa yawanci daga Brazil jirgi ke kawowa. Firizar da nake sanyaya kayan, da faifan sola da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, daga Sin. Wayar da ake turo mini oda da ita ma haka. Kafin in sami solar nan ƙanƙara nake saye kullum, rabin ribar a nan take tafiya. To in na ce a rufe ƙofa kada zoɓo ya fita, ban san ta inda kanumfari zai shigo ba.

Citta kuwa da ta yi tsadar da har na koma auna ta da cokali, na zaci masu fitarwa ne suka kwashe. Ashe cuta ce ta faɗa wa gonakin kudancin Kaduna a daminar 2023, ta ruɓar da ita a ƙasa. Wata maƙwabciyata 'yar can ce, ta ce gidansu ko irin shukawa ba su tsira da shi ba.

Ni dai abin da nake cewa, a daina faɗin wai kowa ya amfana kamar an raba daidai. Ba a raba daidai ba.

Ɗan Galmi ya amsa:

Salamu alaikum. Ni daga Nijar nake, jihar Tawa, albasa muke kaiwa Gana. Ƙanena na Gumel, in kun ce waje kuna tunanin jirgin ruwa da Japan, amma mu wajenmu kamyo ne, wato babbar motar kaya, ya bi ta Burkina ya sauka Kumasi ko Ankara babban birnin Gana. Nan ma fitar da kaya ne, kuma ya fi kusa da ƙarfin talaka.

Albasar Galmi, ja mai ruwan hoda, duk Afirka ta Yamma an san ta, tana da yaji kuma tana jure ajiya. Da a ce mu kaɗai za mu ci abin da muke nomawa da rani, da rabi ya ruɓe a rudu. Matar da ke suya a Kumasi ta sami albasa a lokacin da tasu ba ta isa, mu mun sami sefa, kamyon kuma ba ya komowa wofi, yana ɗauko goro da katako da sauran kaya. A Ankara da can a Agbogbloshie muke saukewa, a 2021 hukuma ta tashe mu aka mai da mu Adjen Kotoku, bayan gari. Mutanen Maraɗi su kuma aya suke fitarwa har Sifen, can ana kunun aya da ita kamar yadda muke yi.

Abin da zan ƙara a kan maganar Baba shi ne, mu ba algus ne ya fi cutar da mu ba, rufe iyaka ne. Albasa ba ta jiran siyasa. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agustan 2019 har Disamban 2020. Aka zo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, CEDEAO, wadda kuke kira ECOWAS, ta sa mana takunkumi, aka sake rufewa har Maris na 2024. Ka tambayi mutanen Maigatari da Jibiya da Illela da Konni yadda kasuwa ta zama. Dabbobinmu suka rasa masu saye, ku nama ya yi muku tsada. Mu magani da kayan masarufi suka yi wuya. Ba wanda ya ci riba sai mai bin hanyar daji da babur da wanda ake ba cin hanci a kan hanyar. Kamyo ya kwana uku a rana yana jiran takarda, kana tsaye kana jin warin dukiyarka, ruwa na ɗiga daga ƙarƙashin buhu.

Kuma mu ma gwamnatinmu ta hana fitar da hatsi a ƙarshen 2024, don kada abinci ya yi tsada a gida. Mai saye a Yamai ya ji daɗi, manomin wake da ya saba sayar wa 'yan Najeriya bai ji ba. Hajiya mai zoɓo ta faɗi gaskiya, duk inda aka juya akwai wanda abin ya taka. A Yamai ɗin nan Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai-ɗaya ta Afirka a 2019, ofishinta na Ankara, amma shingayen da ke kan hanya ba su ji labari ba tukuna.

Ma'aikacin Banki ya amsa:

Malam Ɗan Gumel, ina aiki a sashen da ke kula da takardun masu shigo da kaya da masu fitarwa, don haka bari in ɗauki tambayarka ta ƙarshe, sannan in taɓa ta kawu.

Takardun ba su kai yadda ake tsoratar da mutane ba. Za ka yi rajistar kamfani a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ko ku yi ta ƙungiyar haɗin gwiwa. Da ita za ka nemi shaidar mai fitar da kaya daga NEPC, hukumar bunƙasa fitar da kaya waje, ta intanet ake yi, kuma suna da ofis a Kano. Sai ka buɗe asusun dala na kuɗin fitar da kaya a bankinka. Duk lodin da za ka yi sai an cike fom ɗin fitar da kaya da ake kira NXP ta hannun banki, ka biya harajin duba kaya, rabin kashi ɗaya cikin ɗari na darajar kayan. Hukumar NAQS ce ke ba da shaidar lafiyar tsirrai, cewa babu ƙwari babu cuta. Kwastan su duba, a rufe kwantena. In kaya sun tafi, doka ta ba ka kwana 180 kuɗin su dawo ta wannan asusun.

Inda gizo ke saƙar shi ne jari da mai saye. Kwantena mai ƙafa 20 tana cin riɗi tan 18 zuwa 19, wato buhu mai kilo 50 kusan 380. Kai ka san kuɗin kwano, yi lissafin da kanka. Ƙara kuɗin inji, buhu, mota zuwa tashar jirgin ruwa ta Apapa ko Tin Can ko Lekki, da kuɗin ejan. Sannan jirgi zuwa gabashin Asiya sai ya ci wata ɗaya da rabi ko biyu. Duk wannan lokacin kuɗinka na kan ruwa, kaka kuma tana wucewa ba ka juya su ba. In kuɗin rance ne da ruwa a kai, ribar na iya ƙarewa kafin jirgin ya isa. In dala ta sauka tsakanin ranar da ka saya da ranar da aka biya ka, kai za ka ɗauka.

Mai saye kuma, kada ka yarda da wanda ka haɗu da shi a Facebook ya ce ka turo zai biya in kaya sun iso. Ko ya ba da wani kaso tun farko, sauran in ka nuna takardar shaidar an loda a jirgi, ko bankinsa ya buɗe takardar lamuni wadda bankinka zai tabbatar. Na ga wanda kayansa suka isa, mai sayen ya ce ingancin bai yi ba, sai an rage kashi kaza. Kaya na tashar wata ƙasa, kuɗin ajiya na hawa kullum, ba shi da yadda zai yi, ya karɓa. Shi ya sa ake biyan kamfanin bincike mai zaman kansa ya gwada kayan ya ba da takarda tun a nan.

Yanzu ga kawu. Masara tana cikin jerin kayan da dokar Najeriya ta hana fitarwa, haka ɗanyar fata. Wadda ke fita ta ɓarauniyar hanya take bi. Tsadar da ta kama mu daga 2023 tushenta cire tallafin fetur a ƙarshen Mayu, da sakin naira a watan Yuni, inda dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, ga kuma rashin tsaro da ya hana noma a Zamfara da Katsina da sauransu. Riɗi bai yi wannan ba. Hasali ma, alkamar burodi da taliya fiye da kashi 90 cikin 100 daga waje take zuwa, da dala ake biya. Sinadarin fosfet na takin NPK daga Maroko. Babur ɗin Bajaj daga Indiya. Yawancin magungunan asibiti ko kayan haɗa su daga Indiya da Sin. Dalar da za a biya waɗannan sai an sayar da wani abu an samo ta, kuma shekara da shekaru ɗanyen mai kaɗai muka dogara da shi. Duk kwantenar riɗi ko zoɓo ko koko da kuɗinta suka dawo ta banki, ta ƙara dala a kasuwa, ta rage wa naira nauyi. Mai albashi ba zai ga wannan a hannunsa ba, a kuɗin burodi yake ɓoye.

Inda kawu ya fi ni gaskiya shi ne maganar ɗanyen kaya. Riɗin da aka ɓare, ko aka matse mai, ya fi ɗanye daraja nesa, aikin kuma da a nan zai tsaya. Amma masana'anta na son wuta tsayayya da rance mai sauƙi. A Agustan 2025 gwamnati ta dakatar da fitar da ɗanyar ƙwaryar kaɗanya na wata shida don a tilasta sarrafawa a gida, nan take farashinta ya faɗi, kuma matan ƙauye masu tsinta su suka fara ji a jikinsu.

Ɗan Gumel ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na karanta wa kawu duka. Ya ce ma'aikacin banki ya yi magana irin ta ma'aikatan banki, amma Hajiya mai zoɓo ita ce ta san duniya. Maganar wake da fiya-fiya ce kaɗai ta sa shi yin shiru, don shi ma a ɗakinsa akwai buhun da aka yi wa haka.

Buhu 380 ya fi ƙarfina nesa ba kusa ba, na ajiye wannan tukuna. Baba Dillali, abin da nake son sani yanzu: in na tsaya na sayi mai tsabta kaɗai, na ƙi mai yashi, na kawo Dawanau da kaina ba ta hannun Alhajin ba, akwai wanda zai ba ni farashi daban? Ko haɗa ni za a yi da kowa, in tashi a tutar babu?

Tsohon Dillali ya amsa:

Zuwan farko haɗa ka za a yi da kowa, kada in yi maka ƙarya. Ba wanda ya san ka. Amma ka nemi kamfanin da ke saye da sikeli yana gwada kaya a gabanka, ba mai saye da ido ba. In sun tace naka sun ga abin da ya fita kaɗan ne, a zuwa na biyu ko na uku su da kansu za su karɓi lambarka, wani ma ya ba ka kuɗi ka saya masa. Ku haɗu ku huɗu ko biyar ku cika mota, kuɗin dako ya ragu. Kafin kaka ka sayi tamfol ka ba manoman da kake saye a wurinsu aro, da sharaɗin a kai za su kakkaɓe kuma kai za su sayar wa. Kada ka haɗa farin Maigatari da mai duhu a buhu ɗaya, kowanne da kasuwarsa. Kuma kada ka ɓata da Alhajin naka, ka gaya masa da bakinka kafin ya ji a wani wuri.

Hajiya, 'yata, na ji ki. Wancan karon wani ƙwaro ne na sito aka gani a kayanmu, Meziko ta tsayar da saye na wasu shekaru, sannan ta dawo da sharaɗin a turara zoɓon a wurin da NAQS ta amince. Kin sayi arha a shekarar farko, amma manoma da yawa sun bar shuka shi a lokacin, matan da ke tsinta kuma suka zauna a gida. In kina son mai kyau, kada ki jira na kasuwar Kaduna. Ku haɗa kuɗi ke da masu sana'arki ku aiko a saya muku buhu a Disamba, lokacin da sabo ke shigowa, kafin 'yan kwantena su gama ɗauka. A ajiye shi inda ba laima, a kan katako, ba a ƙasa ba, zai kai ku har azumi.